Kafin a yi odar gogen Turawa: abin da tarihin makaɗan ƙasa ke faɗa wa Abuja

Duk wanda ya taɓa kwana a Karewa, cikin Jimeta, a ƙarshen mako na lokacin bukukuwa, ya san sautin da ke tashi bayan sallar isha'i. Unguwa ce ta ma'aikata da 'yan fansho, kuma bikinta ba ya sauya kama: rumfa a bakin ƙofa, kujerun roba, janareto a gefe, manyan lasifika biyu, sai saurayi guda a bayan tebur da kwamfuta ko piyano. Daga cikin na'urarsa kalangu ke fitowa, daga cikinta algaita ke fitowa, har da guɗa. Amma a filin babu kalangu, babu mai busa. A can cikin garin Yola kuwa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, har yanzu akwai masu busa algaita da kakaki na gaskiya a ƙofar fadar Lamiɗo, a masarautar da Modibbo Adama ya kafa wa hedikwata a 1841. Saurayin Karewa da mai busar fada suna gari ɗaya, kusan sana'a ɗaya suke yi, amma babu wata makaranta ko hukuma da ta taɓa zaunar da su a ɗaki ɗaya don ɗayan ya koya daga ɗayan.

Wannan giɓi ne ya kamata ya zo a ran ma'aikacin tarayya duk lokacin da aka tayar da maganar kafa wa Nijeriya babbar ƙungiyar makaɗa ta ƙasa, irin wadda Turawa ke kira okestira, mai mutum sittin ko tamanin da ke kaɗa kiɗa ɗaya a rubuce ƙarƙashin jagora ɗaya. Magana ce da kan taso idan wani babba ya dawo daga taro a waje inda aka tarbe shi da irin wannan kiɗa. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya yi aiki a ma'aikata: takardar bayani, kwamiti, jerin kayan da za a sayo daga Turai ko Sin, da ranar ƙaddamarwa. Tarihin ƙasashen da suka riga Nijeriya a wannan hanya yana nuna cewa sayen kaya shi ne mafi sauƙin aikin, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Abin da ke riƙe irin wannan ƙungiya shi ne albashin da ba ya yankewa, da makarantar da ke haifar da magada, da atisayen kullum.

Gana ce misalin da ya fi kusa. A 1959, shekara biyu bayan samun 'yanci, Kwame Nkrumah ya sa aka kafa ƙungiyar makaɗan simfoni ta ƙasa, aka damƙa ta ga Philip Gbeho, mutumin da ya tsara kiɗan taken ƙasar. Nkrumah yana so ya nuna cewa baƙar fata na iya duk abin da Bature ke taƙama da shi, har da kaɗa waƙe-waƙen Beethoven. An hamɓarar da shi a 1966, gwamnatocin soja da na farar hula sun zo sun wuce, tattalin arziki ya durƙushe ya miƙe, amma ƙungiyar tana nan, kuma a yau tana cikin ƙungiyoyin da ke zaune a Gidan Wasannin Ƙasa na Akara wanda aka buɗe a 1992. Ba yalwa ce ta raya ta ba, domin ta sha fama da ƙarancin kuɗi da tsofaffin kaya. Ta rayu ne saboda makaɗanta suna cikin jerin masu karɓar albashin gwamnati, kuma cire suna daga wannan jeri, kamar yadda kowane darakta ya sani, ya fi soke kwangila wuya.

Sai dai a Gana ɗin aka yi gardamar da ta fi shafar Nijeriya. Nana Danso Abiam ya shugabanci wannan ƙungiya a shekarun 1980, ya kuma ga cewa ba daidai ba ne ƙungiyar ƙasar Afirka ta zama kwafin ta Landan. Da bai samu yadda yake so ba, sai ya fita ya kafa tasa a 1988, wadda ya kira Pan African Orchestra. Ya tara sarewar gora ta atenteben, da kora, da kayan kiɗan katako, da gogen arewacin Gana da suke kira gonje, wanda ɗan'uwan gogen Hausa ne na jini. Ya rubuta musu kiɗa, ya jera su sahu-sahu, ya tsaya a gabansu yana ba da umarni kamar kowane jagoran okestira. Faifansu na 1995 ya zaga duniya. Amma ƙungiyar ta dogara ne ga mutum ɗaya da kuɗin da yake iya nemowa, kuma bayan rasuwarsa a hatsarin mota a 2014 amonta ya ragu ƙwarai. Wadda ta fi dacewa da ƙasar ba ta da albashi, wadda ke da albashi kuma ba ta kai ta shiga zukatan jama'a ba.

Gini ta bi wata hanya dabam. Bayan 1958, Ahmed Sékou Touré ya mai da kiɗa aikin gwamnati gaba ɗaya: ƙungiyar ƙasa a Konakiri, ƙungiyoyi a larduna, gasa tsakaninsu, da kamfanin faifai na gwamnati mai suna Syliphone. An umarci makaɗa su bar kwaikwayon Faransa su koma ga kiɗan iyayensu su sabunta shi. Daga nan Bembeya Jazz ta fito, daga garin Beyla mai nisa da babban birni, ta yi doguwar waƙar tarihin Samori Ture da har yau ake saurare. Mali ma a 1961, zamanin Modibo Keita, ta kafa ƙungiyar ƙasa ta kayan kiɗan gargajiya, ta ɗauki jikokin mawaƙan fada ta ba su albashi. Cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta akwai Sidiki Diabaté, makaɗin kora, wanda ɗansa Toumani ya zauna da ƙungiyar simfoni ta Landan a 2008 suka yi kiɗa tare, kora a gaba, gogen Turawa na bin ta.

Ba za a ɓoye farashin da Gini ta biya ba. Wanda ke cin albashin jam'iyya dole ya yi wa jam'iyya waƙa. Fodéba Keïta, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawar Les Ballets Africains kuma ya zama minista, a kurkukun gwamnatin da ya yi wa hidima ya mutu. Da Sékou Touré ya rasu a 1984, tsarin ya watse cikin ɗan lokaci, domin an gina shi ne a kan mutum da jam'iyyarsa. A ƙasar da kowane ɗan takara ke da mawaƙinsa, wannan gargaɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙungiyar ƙasa da za ta koma 'yan amshin wanda ke kan mulki gara ba a kafa ta ba.

Nijeriya ba ta rasa mutane ba tun farko. Fela Sowande ya rubuta kiɗan okestira da aka gina a kan karin waƙoƙin Afirka ta Yamma tun kafin 'yanci, kuma simfonin da ya tsara don murnar 1960 makaɗan Ingila ne suka kaɗa shi. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen koyar da kiɗa tun farkon shekarun 1960. Akin Euba da Ayo Bankole da Samuel Akpabot duk sun yi rubuce-rubucen kiɗa da ake nazari a jami'o'in waje. An gina katafaren Gidan Wasannin Ƙasa a Iganmu a 1976 don bikin FESTAC na 1977, an kafa Tawagar Wasanni ta Ƙasa a ƙarshen shekarun 1980 ƙarƙashin Hubert Ogunde. Duk da haka, ƙungiyar simfonin da ta fi kafuwa a ƙasar nan ba ta gwamnati ba ce. Ta MUSON ce a Legas, ƙungiyar da Akintola Williams da wasu masu sha'awa suka kafa a 1983 da kuɗin aljihu da na kamfanoni, kuma sirrinta shi ne makarantar da ke jikinta. Gwamnati ta gina zaure, 'yan sa-kai suka gina makaɗa. Shi kansa zauren na Iganmu sai da ya lalace shekara da shekaru kafin bankuna su ɗauki nauyin gyaransa.

A duk wannan tarihi, Arewa ba ta cika fitowa ba sai a matsayin ado: hawan daba a Kaduna a 1977, 'yan rawa a bikin al'adu na ƙasa kowace shekara, a ba su kuɗin mota su koma gida. Alhali idan ana neman kayan da za a gina babbar ƙungiya da su, jihar Adamawa kaɗai ta isa misali. A fadar Yola akwai algaita da kakaki da ganguna, tsarin da ake samu har a fadojin Garwa da Ngaundere da Marwa cikin Kamaru, waɗanda a da suke ƙarƙashin Fombina. A ƙasar Chamba, wajen Ganye, akwai sarewar lera da ake busawa a ƙungiyance, kowane mai busa yana sa nasa rabon har kiɗan ya haɗu ya zama ɗaya. A wajen Garkiɗa, Bura suna da tsinza, kayan kiɗan katako da ake ɗaura wa ƙahonin shanu a ƙasa don su ƙara masa amo. Bwatiye na Numan da Demsa suna da gangunansu na bukukuwa. Ga goge da kukuma da garaya da molo da kalangu na Hausawa da Fulanin gari. Masu busa, masu goge, masu kaɗa fata, masu bugun katako: rukunan da okestirar Turai ta ginu a kansu ke nan, kuma duk suna cikin jiha ɗaya.

Wanda zai ce kiɗan fada abu ne dabam da okestira, ya duba inda okestira ta fito. Ƙungiyar makaɗan masarautar Danmak, wadda ake lissafawa cikin mafi tsufa a duniya, tana jingina asalinta ga masu busa ƙaho na sarki a 1448, wato masu kakakin fada. Joseph Haydn, wanda ake kira uban simfoni, ya yi kusan shekara talatin yana hidima a gidan sarautar Esterházy, yana sanye da kayan barorin gidan, yana tsara kiɗan da ubangidansa ya nema. Matsayinsa bai yi nisa da na Narambaɗa a fadar Isa ko na Sarkin Taushin Katsina ba. Bambancin shi ne Haydn ya rubuta kiɗansa a takarda, kuma da gidajen sarauta suka yi rauni, birane da gwamnatoci suka karɓi nauyin makaɗan. A nan, sarakuna sun rasa baitulmali da kotu da 'yan doka tun gyare-gyaren ƙarshen shekarun 1960 da na 1976, amma babu wanda ya karɓi nauyin makaɗan fada. An bar su da abin da hannu ya miƙo.

Aikin ba mai sauƙi ba ne, kuma duk hadimin da zai gaya wa ubangidansa cewa wata shida sun isa, yaudararsa yake yi. Algaita tana da ƙarar da za ta danne goge goma. Kakaki murya biyu kawai yake fitarwa. Tsinzar wannan gari ba lallai ta yi daidai da ta wancan ba, domin kowane masassaƙi da kunnensa yake aunawa. Kafin su zauna wuri ɗaya sai an daidaita muryoyinsu, an ƙera manya da ƙanana na kowane iri, an samo hanyar rubuta abin da suke kaɗawa. Ephraim Amu ya yi wa atenteben irin wannan gyara a Gana. Sin ta yi wa kayan kiɗanta a shekarun 1950, lokacin da gidan rediyon ƙasar ya kafa okestirar gargajiya wadda gogensu mai tsirkiya biyu, erhu, ya zama ƙashin bayanta. A cikin daidaitawar akwai hasara, domin wani ɗanɗano na gari-gari zai ɓace, kuma dole a riƙa adana na asali a gefe.

Akwai kuma wahalar da Sin da Danmak ba su fuskanta ba. Kiɗan Hausa magana ne. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar harshe, algaita kirari take faɗa, kakaki taken sarki yake kira. Wanda zai tsara musu kiɗa ba tare da ya ji harshen ba zai sa su faɗi shirme a kunnen masu ji, ko da takardarsa ta yi kyau. Haka kuma kakaki da tambari kayan sarauta ne, ba a busa su ko a kaɗa su don kowa. Ba za a ɗauke su a kai dandamali ba sai da yardar masu su. Wannan yana nufin zama da majalisun sarakuna tun kafin a rubuta takardar farko, kuma yana nufin a amince idan sun ce wani take ba ya fita daga fada.

Za a ce addini bai yarda ba. Gaskiya ne malaman jihadi sun soki kiɗan shagala da cakuɗuwar maza da mata, kuma har yau malamai sun saɓa a kan kayan kiɗa. Amma daular da suka kafa ba ta kori tambari da kakaki daga Sakkwato ko Yola ba, kuma bandiri yana nan a zawiyoyin Ƙadiriyya. Babu wanda za a tilasta wa saurare. Abin lura kawai shi ne, rashin makaranta bai rage kiɗa a Arewa ba ko kaɗan. Lasifikan Karewa shaida ne. Abin da ya ragu shi ne gwaninta.

Za a kuma ce babu kuɗi, a ƙasar da sai 2024 mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000, asibitoci kuma suna neman magani. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa bai kamata a fara da gini ko odar kaya ba. Sai dai gwamnatin tarayya ta daɗe tana biyan makaɗa albashi: 'yan badujalar soja da na ruwa da na sama da na 'yan sanda duk ma'aikata ne masu muƙami da fansho. Ben Odiase, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasa na 1978, shugaban makaɗan 'yan sanda ne. Su ne ke kaɗa wa gwamna fareti a dandalin Ribadu. Ƙa'idar cewa makaɗi na iya zama ma'aikacin gwamnati ta riga ta zauna. Abin da ya rage shi ne a tambayi dalilin da ya sa mai busa ƙahon Bature ke da matakin albashi, mai busa algaita kuma yana jiran liƙi. Makaɗa hamsin da malamansu ba su kai yawan ma'aikatan sashe ɗaya na wata matsakaiciyar hukumar tarayya ba.

Albashin nan ba ciyarwa kawai yake yi ba, yana sauya matsayi. A ƙasar Hausa makaɗi maroƙi ne a idon jama'a, ana jin daɗin kiɗansa amma ana jinkirin ba shi 'ya. Fulani ma haka suke kallon wambaaɓe. Shi ya sa ɗan makaɗi da ya samu karatu yakan yi nesa da gangar gidansu, kuma ba za a zarge shi ba. Mamman Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015, kuma kowa na iya lissafa da yatsunsa waɗanda suka gaji hannunsu. Waɗannan ma shahararru ne da aka ɗauki muryoyinsu. Mai busa lera a ƙauyen Ganye ko mai tsinza a Garkiɗa, idan ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya. Arewacin jihar ma ya ga abin da ya fi wannan, lokacin da Boko Haram ta kama Madagali da Michika da Mubi a 2014 mutane suka kwararo Yola. Wanda ke gudun ransa ba ya ɗaukar ganga.

Wani zai nuna Kinshasa, inda Armand Diangienda, tsohon matuƙin jirgin sama, ya kafa okestira a 1994 da 'yan sa-kai da ke raba goge ɗaya tsakanin mutane da yawa, wasu kayan ma da hannu suka ƙera su. Labari ne mai daɗi, amma cocin Kimbangu ce ta ba su wuri da jama'a da horo. Ko a can, wata hukuma ce ta tsaya a baya.

Saboda haka tsarin da ya dace ya juya wanda aka saba. A fara da tsofaffin gwanaye: a tantance su ta hannun masarautu da hukumomin al'adu na jihohi, a ba su alawus na wata-wata bisa sharaɗin kowanne ya riƙe almajirai. A ɗauki kiɗansu da na'ura, a kuma kwafe tsofaffin kaset da faifan da ke gidajen rediyon Kaduna da Yola zuwa kwamfuta, domin kaset ba ya jure zafi da ƙura. A buɗe ajin rubutun kiɗa da ƙera kayan kiɗa a wata makarantar da ta riga ta tsaya da ƙafarta, irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jimeta, inda ɗan makaɗin fada da saurayin piyano na Karewa za su zauna benci ɗaya, ɗaya ya kawo hannu da kunne, ɗayan ya kawo sanin na'ura. A yi irin wannan a sauran shiyyoyin ƙasa da nasu kayan. Bayan wasu shekaru, daga waɗanda suka fito za a zaɓi ƙungiyar ƙasa, a kafa ta da dokar majalisa wadda ta hana amfani da ita a gangamin jam'iyya. Gogen Turawa yana da wurin zama a cikinta, kuma MUSON ta riga ta horar da masu kaɗa shi.

Matsalar wannan tsari a Abuja ita ce babu ƙyallen da za a yanke a shekarar farko, babu kwangilar sayo kaya, kuma kusan dukkan kuɗinsa na ɓangaren ayyukan yau da kullum ne, ɓangaren da ba ya jan hankalin kowa a lokacin kare kasafi. Ministan da ya fara shi da wuya ya kasance a kujera ranar da ƙungiyar za ta yi kiɗanta na farko. Waɗanda za su kasance su ne daraktoci da mataimakansu, masu rubuta abin da minista ke sa wa hannu. Takardar kiran kasafin baɗi za ta iso ma'aikatar al'adu kamar yadda ta saba, kuma layin da ake buƙata a cikin amsarta gajere ne: alawus na gwanayen kiɗan gargajiya da almajiransu, da kuɗin ɗaukar kiɗansu a adana.